Kada a Taɓa Cibiya: Yadda Magina Shafuka Suka Gano Iyakarsu a WordPress

A ƙarshen shekarar 2002 aka daina jin ɗuriyar wani Bafaranshe mai suna Michel Valdrighi. Shi ya rubuta b2/cafelog, wata ƙaramar manhajar wallafa rubutu a intanet, kuma da ya yi shiru sai masu amfani da ita suka rasa mai toshe musu ɓaraka. Cikin waɗanda abin ya dama akwai Matt Mullenweg, ɗalibi a Houston ta Amurka, wanda a watan Janairun 2003 ya bayyana niyyarsa ta ɗaukar manhajar ya ci gaba da gina ta, tunda lasisin GPL ya ba kowa wannan damar. Mike Little daga Stockport a Ingila ya ce zai kama masa. Ranar 27 ga Mayu, 2003 WordPress ta fito. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke, kuma dubban mutane da ita suke cin abinci: su ɗauko ta a shirye, su gyara ta daidai da bukatar mai shafi.

A farkon sana'ar, gyara na nufin a buɗe cikin manhajar a yi mata tiyata. Magina kan miƙa wa juna umarni: buɗe fayil kaza, gangara layi kaza, goge wannan, manna wancan. Abin yakan yi aiki, har ranar da sabon zubi ya fito. Da zarar an ɗora shi, sababbin fayiloli sun hau kan tsofaffi, aikin makonni ya bi ruwa. Mai shafi sai ya zaɓi ɗaya: ko ya sabunta ya rasa gyaransa, ko ya zauna da tsohuwar manhaja mai ƙofa a buɗe ga masu kutse.

Zubi na 1.2, a watan Mayun 2004, shi ya kawo mafita. An dasa wasu ƙugiyoyi a wurare daban-daban cikin manhajar, inda magini zai rataya nasa aikin daga waje. Misali, kafin rubutu ya bayyana a allon mai karatu, manhajar takan tsaya ta duba ko akwai wanda ya rataya wani abu a nan. In akwai, ta miƙa masa rubutun ya sarrafa ya dawo mata da shi. Haka aka samu fulogin. A watan ne kuma kamfanin Six Apart ya sauya sharuɗɗan kuɗi na manhajarsa Movable Type, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa WordPress. A Fabrairun 2005 zubi na 1.5 ya raba kamannin shafi da injinsa, aka samu abin da za a kira rigar shafi. Daga nan dokar da kowane sabon shiga ke fara ji ta kafu: kada a taɓa cibiya, wato ainihin fayilolin manhajar. Dokar ta ceci shafuka da dama, amma ta shata iyaka ta farko, domin inda ba a dasa ƙugiya ba hannun magini ba ya kaiwa.

Kasuwa ta buɗe sosai a 2008. Kamfanin Envato na Ostireliya ya kafa ThemeForest, aka kuma kafa WooThemes mai tushe a Afirka ta Kudu, rigunan shafi suka zama haja. Tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar fuska, saboda wanda ya sayi riga ya yanka ta ba zai iya karɓar sabuntawar mai ita ba. Sai aka ƙarfafa tsarin uwa da 'ya: a bar uwar rigar yadda take, a ajiye gyare-gyare a cikin 'yar. Wannan ya wadatar ga ƙananan bukatu. Maginin da ke haɗa wa jaridar Hausa shafi yakan tarar salon haruffan da ya zo da rigar ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai a ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. 'Yan layuka a cikin 'yar riga sun isa su sauya salon. Irin wannan gyaran tela ne a kan rigar kanti, a rage hannu, a matse ƙugu, amma yadin da aka riga aka yanka ba zai koma babbar riga ba.

Masu sayarwa kuwa, don su burge mai saye, sun riƙa cusa kayan wasu a cikin rigunansu. A watan Agustan 2011 aka gano rami a TimThumb, wani ɗan fayil mai rage girman hotuna wanda ke kwance cikin ɗimbin riguna, masu kutse suka yi ta shiga ta nan. Da yawa cikin masu shafukan ba su ma san suna ɗauke da shi ba. A 2014 aka maimaita da Slider Revolution: masu shi sun toshe ramin, amma waɗanda suka same shi a ƙunshe cikin riga ba su da hanyar samun gyaran kai tsaye sai mai rigar ya motsa.

Iyakar da ta fi wuyar tsallakewa tana can ƙasa, a rumbun bayanai. An tsara WordPress ne don rubutu mai take da jiki da kwanan wata. Ko da zubi na 3.0 ya ba da damar ƙirƙirar sababbin nau'o'in abu a 2010, duk a teburin rubutu ɗaya ake zuba su, sauran bayanansu kuma a wani tebur na gefe, kowane a layinsa. Da WooCommerce ta fito a 2011 ta mai da shafuka kantuna, odar mai saye ma a matsayin rubutu aka riƙa ajiye ta. Sunansa da adireshinsa layuka da yawa, kuɗin da ya biya wani layin. Ƙaramin kanti ba ya jin nauyin. Babba kuwa, mai oda dubbai, sai bincike ya koma tafiyar hawainiya, kuma babu fulogin da zai warkar da ciwon daga tushe. Sai a 2023 WooCommerce ta mai da teburan oda na musamman su zama tsarin da sabon kanti ke farawa da shi, shekara 12 bayan fitowarta.

A Disambar 2018 zubi na 5.0 ya zo da sabon editan Gutenberg, wanda ke gina shafi tubali-tubali da harshen kwamfuta na JavaScript. Maginan da suka ƙware a harshen PHP suka wayi gari da sabon karatu, wasu gyare-gyaren da aka yi wa tsohon edita suka daina aiki. Miliyoyin shafuka suka ɗora fulogin ɗin Classic Editor don su riƙe abin da suka sani, wasu kuma suka ɓalle suka kafa ClassicPress. An saurari koke, amma ba a fasa ba.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 2024, kuma bai shafi fasaha ba. Rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin WP Engine, aka toshe wa kamfanin hanyar shiga WordPress.org, inda shafuka ke ɗauko sabuntawa. A watan Oktoba aka karɓe gurbin Advanced Custom Fields, fulogin ɗin kamfanin da shafuka sama da miliyan 2 ke dogaro da shi, aka sa masa suna Secure Custom Fields. Maginan da suka bi doka sau da ƙafa, ba su taɓa cibiya ba, sun ga cewa lasisi ya ba su manhajar kyauta amma ƙofar da take shigowa a hannun wani take. A ganin mai wannan rubutu, duk wanda zai gina wa makaranta ko kanti shafi a kan manhajar da aka riga aka ƙera, haƙƙi ne a kansa ya gaya wa mai shafin wannan tun kafin a yi ciniki. A watan Disamban shekarar wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ba da umarnin wucin gadi a buɗe wa WP Engine hanya a kuma mayar masa da fulogin ɗinsa, aka mayar.