Wa Ya Fi Wani Arziki? Bashin Masar Da Na Ingila A 1875

A duk inda ɗalibai 'yan ƙasashe daban-daban suka haɗu, da wuya a tashi hira ba a taɓo maganar wace ƙasa ce ta fi wata arziki ba. Wani ya zaro waya ya nuna jerin ƙasashe da yawan dalolin da ke asusun ajiyarsu na waje, wani ya nuna jerin bashin da ake bin kowace gwamnati, nan take sai a yanke hukunci: mai ajiya da yawa shi ne attajiri, mai bashi da yawa shi ne matsiyaci. Lissafi ne mai sauƙi. Sai dai tarihin Masar, ƙasar da muke karatu a cikinta, ya ƙaryata shi tun kusan shekara 150 da suka wuce.

A shekarar 1875, bashin da ake bin gwamnatin Ingila ya haura fam miliyan 700. Na gwamnatin Masar kuwa bai cika miliyan 100 ba. Zinaren da ke ajiye a Bankin Ingila a waɗannan shekaru galibi bai wuce na fam miliyan 20 zuwa 30 ba, har wani masanin harkar kuɗi, Walter Bagehot, ya rubuta littafi a 1873 yana kukan cewa ajiyar ta yi kaɗan. Da a ce akwai irin jerin nan na intanet a lokacin, da an ce Ingila ce ke cikin matsala. Amma a watan Nuwamba na shekarar, mai bashin miliyan 700 ce ta sayi kadara mafi daraja ta mai bashin miliyan 100, kuma bayan shekara bakwai ta mamaye ƙasar baki ɗaya. To, yaya aka yi haka?

Auduga ta yi tsada

Isma'il Basha, jikan Muhammadu Ali, ya hau mulkin Masar a 1863. Ya gaji bashin waje wanda bai wuce fam miliyan 3 da 'yan kai ba, kuma ya hau a kan sa'a. Yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, ya hana audugar kudancin Amurka isa masaƙun Ingila, farashi ya yi tashin gwauron zabo, audugar Masar ta zama zinare. Kuɗi suka riƙa shigowa, bankunan Landan da na Faris kuma suka riƙa rububin bai wa sabon sarki rance.

Kada a ɗauka duk kuɗin sharholiya aka yi da su. Isma'il ya shimfiɗa layukan dogo, ya haƙa magudanan ruwa na noman rani, ya ja wayar tangaraho, ya gyara tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya, ya buɗe makarantu, ya kafa masana'antun sukari. Tsakiyar Alkahira da muke bi kullum, da faffaɗan titunanta da dandalolinta, shi ya tsara ta. Fadar Abidin shi ya gina ta. Amma akwai kuma abin da aka kashe don suna: maƙudan kuɗin da aka kai Istanbul har Sultan ya ba shi laƙabin Kidiwi a 1867, da ƙasaitaccen bikin buɗe mashigin Suez a Nuwamban 1869, wanda matar sarkin Faransa, Eugénie, ta halarta, da gidan wasan Opera da aka gina don bikin. Ga kuma yaƙe-yaƙe: an ci Darfur a 1874, sannan aka taro Habasha, Habashawa suka fatattaki rundunar Masar a Gundet a 1875 da Gura a 1876.

Shi kansa mashigin Suez ya ci Masar tun kafin ta ci shi. Da Isma'il ya nemi a soke aikin tilas da ake sa manoma a wajen haƙa, ya kuma nemi a maido wasu filaye da aka bai wa kamfanin, sai aka kai maganar gaban Napoleon na Uku ya yi sulhu. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfanin faran miliyan 84. Alƙalin Bafaranshe, kamfanin ma na Faransawa.

Da yaƙin Amurka ya ƙare a 1865, farashin auduga ya faɗi. Kuɗin shiga suka ja baya, ayyukan da aka faro kuma ba su tsaya ba. Daga nan aka shiga cin sabon bashi don a biya tsoho.

Bashin da ba ya zuwa cikakke

A nan ne ya kamata mai son kwatanta arzikin gwamnatoci ya buɗe ido. A 1873 Masar ta ci rancen fam miliyan 32 ta hannun bankin Oppenheim, a kan kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100. Amma saboda an sayar da takardun bashin ƙasa da darajarsu, aka kuma cire ladan dillalai, abin da ya zo hannun gwamnati bai wuce kusan miliyan 20 ba. Ka ga za ta biya ruwan miliyan 32 alhali miliyan 20 ta gani. In ka buga lissafi, ruwan na gaskiya ya haura kashi 11. Ban da wannan, akwai ƙananan basussuka na gajeren wa'adi da ake sabuntawa duk bayan 'yan watanni a kan ruwa mafi tsada.

A cikin gida ma an cinye gobe tun yau. Dokar Muƙabala ta 1871 ta ce duk mai gonar da ya biya harajin shekara shida gaba ɗaya, za a rage masa rabin haraji har abada. Kuɗi sun shigo a lokacin, amma an sayar da rabin harajin shekaru masu zuwa ke nan.

Yanzu mu waiwayi Ingila. Kuɗin shigar gwamnatinta sun haura fam miliyan 70 a shekara, na Masar kuwa wajen miliyan 9 zuwa 10. Wato kowacce cikinsu bashinta ya kai kusan ninki goma na abin da take samu a shekara. A wannan ma'auni kunnen doki suke. Bambancin yana cikin sharuɗɗan bashin. Ingila ruwan kashi 3 take biya. Yawancin takardun bashinta ba su da ranar da za a ce a biya uwar kuɗi, ruwan kawai ake biya. Da kuɗinta, fam, ta ci bashin, kuma masu binta 'yan ƙasarta ne, saboda haka ruwan da ta biya a cikin gida yake juyawa. Sannan harajin da take karɓa a kan abin da mutum ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 ba a 1875, wato in ta matsu tana da inda za ta ƙara. Masar kuwa da kuɗin wasu ta ci bashi, masu binta baƙi ne da gwamnatocinsu ke da jiragen yaƙi, manomanta kuma an riga an tatse su har da bulala. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma wani cikin lafiya lau yake, wani kuma ƙullewa yake yi.

Shi ya sa ƙarancin zinare a Bankin Ingila bai hana kowa barci ba. Duniya ta yarda cewa Ingila za ta biya, don ta daɗe tana biya, har da bashin yaƙin Napoleon wanda a 1815 ya kai kusan ninki biyu na abin da ƙasar gaba ɗaya ke samarwa a shekara. Wannan amana ita ce ajiyarta ta gaske.

Daga sayar da hannun jari zuwa mamaya

A Oktoban 1875 Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kasa biyan masu binta cikakken ruwa. Kasuwa ta firgita, babu mai son ƙara ba Alkahira ko kwabo, ga wa'adin biya ya gabato. Sai Isma'il ya sa hannun jarin Masar na kamfanin Suez a kasuwa: guda 176,602, kusan kashi 44 cikin 100 na kamfanin. Majalisar Ingila tana hutu, sai Firaminista Benjamin Disraeli ya ranto fam miliyan 4 daga gidan Rothschild ya saye. A lura da wannan: mai sayen ma bashi ya ci ya saya, cikin 'yan kwanaki ya samu, mai sayarwa kuwa ƙofofi sun rufe masa. Abin takaici, da yake Isma'il ya riga ya jinginar da ribar waɗannan hannayen jari har zuwa 1894, sai ya zama Masar ce za ta riƙa biyan Ingila kashi 5 cikin 100 duk shekara a kan abin da ta riga ta sayar.

Miliyan 4 ba ta kai ko'ina ba. A Afrilun 1876 aka dakatar da biya. A watan Mayu aka kafa Sanduƙud Daini, hukumar da wakilan ƙasashen Turai ke zaune a cikinta suna karɓar harajin wasu larduna da kuɗin kwastan kai tsaye. Kafin ƙarshen shekarar an naɗa Bature ɗan Ingila da Bafaranshe su riƙa sa ido a kan shige da ficen kuɗin gwamnati. A 1877 fiye da kashi 60 cikin 100 na kuɗin shigar Masar wajen masu bin bashi suka tafi. A shekarar ce kuma Kogin Nilu bai cika ba, yunwa ta afka wa Sa'id a 1878, amma ba a fasa karɓar haraji ba. A 1878 ɗin aka kafa majalisar ministoci ƙarƙashin Nubar Basha, ministan kuɗi ɗan Ingila, Rivers Wilson, ministan ayyuka Bafaranshe, de Blignières.

Da Isma'il ya kori waɗannan ministoci a 1879, Ingila da Faransa suka matsa wa Sultan Abdulhamid, ya tuɓe shi a watan Yuni ya naɗa ɗansa Taufiƙ. A 1880 aka sayar da kashi 15 cikin 100 na ribar mashigin da ya rage wa Masar. Tsuke bakin aljihu ya taɓa sojoji, hafsoshi 'yan ƙasa suka yi bore ƙarƙashin Ahmad Urabi. Ranar 11 ga Yulin 1882 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Iskandariyya ruwan wuta, ranar 13 ga Satumba aka ci rundunar Urabi a Tallul Kabir. Evelyn Baring, wanda ya fara zuwa Masar a matsayin wakilin masu bin bashi, shi ya dawo a 1883 ya riƙe ƙasar har 1907 da sunan Lord Cromer. Sanduƙud Daini bai rufe ba sai 1940, sojan Ingila na ƙarshe kuma bai bar yankin mashigin ba sai Yunin 1956. Tunisiya ma hanyar da ta bi ke nan: hukumar masu bin bashi a 1869, sojojin Faransa a 1881.

Yadda ya kamata mu karanta jerin nan

Yau ba a turo jiragen yaƙi saboda bashi, amma tambayoyin ba su sauya ba. Bashin gwamnatin Japan ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, amma da kuɗinta, yen, ta ci shi, a hannun 'yan ƙasa da babban bankinta, a kan ruwa kaɗan. Sri Lanka da Gana, waɗanda nasu bai kama ƙafar wannan ba, sun dakatar da biyan bashin waje a 2022, domin dala ake binsu kuma dalar ta ƙare.

Ita ma ajiya sai an tambayi ta wace ce. Wani kaso na abin da ke asusun Babban Bankin Masar a shekarun nan ajiyar ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ce, wato bashi ne a cikin rigar ajiya. Duk wanda ke nan a watan Maris na 2024 ya ga yadda dala ta tashi daga fam 31 na Masar zuwa wajen 50 a hukumance cikin yini ɗaya, 'yan makonni bayan yarjejeniyar Ra'asul Hikma ta dala biliyan 35 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Masu karɓar kuɗin makaranta daga gida sun ji abin a aljihunsu, wasu ta alheri, wasu ta tsadar haya da abinci. A ɗaya ɓangaren, ajiya ta kanka tana iya sayo maka 'yanci: tsakanin 2005 da 2006 Najeriya ta yi amfani da rarar kuɗin mai ta biya ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris kusan dala biliyan 12, aka yafe mata biliyan 18.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an sake nuno mana jerin nan, kafin mu ce wance ta fi wance, mu tambaya: da kuɗin wa aka ci bashin, kuma wa ke bi? Kashi nawa na kuɗin shigar gwamnati ruwan bashin ke cinyewa a shekara? Yaushe wa'adin biya zai cika? Ajiyar ta ƙasar ce ko ta aro, kuma wata nawa za ta iya sayo abinci da mai da magani daga waje? Abin da aka gina da bashin, yana kawo kuɗin da za a biya shi? Layin dogo da magudanan ruwan Isma'il sun amfani Masar, amma ribarsu ta zo a hankali, wa'adin biya kuwa ya zo da gaggawa.

Da yawa daga cikinmu za mu koma gida mu zauna a ma'aikatun kuɗi, da majalisu, da bankuna, da ajujuwa. Wata rana wani cikinmu ne za a miƙa wa takardar rance ya sa hannu a madadin jiharsa ko ƙasarsa. In ranar ta zo, ya tuna da rancen 1873, ya tambayi nawa ne zai shigo baitulmali da gaske, nawa za a riƙa biya duk shekara, da wane kuɗi, kuma me aka jinginar. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da mu gida lafiya.