Maƙabartun Abuja: Daga Gudu Zuwa Makwancin Sojoji

Maƙabartun Abuja ba su da shekarun na Legas, tsohon babban birnin ƙasa da ke bakin teku, inda aka binne ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay a maƙabartar Ikoyi tun 1946. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birni, sai a ranar 12 ga Disamba, 1991 fadar gwamnati ta tare a cikinsa. Kafin nan, Gwarawa da sauran 'yan asalin yankin suna binne mamatansu ne a ƙauyukansu.

Yawancin waɗanda suka cika sabon birnin aiki ne ya kawo su, don haka idan rai ya yi halinsa sai a ɗauki gawa zuwa garinsu. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a Abuja ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka binne shi a Katsina. Sai dai Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta jana'iza, ga nisan hanya, ga tsadar kai gawa gida. Wannan ya ƙara wa maƙabartar Gudu da ke cikin Abuja muhimmanci. Tana da ɓangaren Musulmi da na Kirista, kuma sau da yawa daga Babban Masallacin Ƙasa ake ɗauko mamaci bayan an sallace shi. A nan aka binne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 18 ga Afrilu, 2020, a tsakiyar annobar korona.

Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa kuwa tana kan hanyar filin jirgin sama. Cikin waɗanda ke kwance a cikinta akwai Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya rasu a fagen daga a Malam Fatori a 2016, da babban hafsan sojojin ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da hatsarin jirgi ya rutsa da shi a Kaduna a Mayun 2021, da sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024.

Mai ziyara yakan yi sallama ga mazauna kaburbura, ya roƙa musu gafara, ya kiyaye taka kabari ko zama a kansa. Yayin da birnin ke ƙara faɗi, haƙƙin mamata a kan hukuma da jama'a shi ne katange waɗannan wurare, da share su, da tanadin sababbin filaye tun kafin na yanzu su cika.