Littafi Ɗaya, Kunne Goma: Yadda Karatu Ya Zauna a Ƙasar Karaye da Rogo

Littafin da ya fi kowanne kai sunan wannan yanki nesa, wadda ta ba da labarin da ke cikinsa ba ita ta riƙe alƙalamin ba. Baba ce, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a ƙauyen da littafin ya kira Karo, kusa da Zarewa, garin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Da tsufa ya same ta a Giwa ta ƙasar Zazzau, sai ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana faɗa ana rubutawa: harin masu kama bayi, zuwan Nasara, aure da saki, kishi, bori, ƙawance. Ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, cikin Turanci, ya shiga jami'o'in Ingila da Amurka, alhali matan Zarewa da aka ba da labarin iyayensu ba su da hanyar karanta shi.

Wannan ba ya nufin ƙasar ba ta san littafi ba. Mahaifin Baba kansa manomi ne kuma malamin allo. Yankin yana bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina, hanya ce ta fatake da almajirai, kuma duk garin da ya amsa sunansa yana da tsangaya da zauren malam. Yaro ya fara da allo, in ya sauke ya shiga littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, ga Ishiriniya da ake rerawa. Sai dai a duba yadda ake wannan karatun. Littafi rubutun hannu ne, mai tsada, sau da yawa guda ɗaya ne a zauren. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara da Hausa, sauran suna zaune suna saurare. Wanda yake son nasa sai ya ara ya kwafa. Waƙoƙin wa'azi na ajami kuwa ta bakin masu rerawa suka shiga gidaje. Tsofaffi mata da ba su taɓa buɗe takarda ba sun haddace baitocin Infiraji na Aliyu Namangi daga makafi masu bara a ƙofar gida. Abu biyu suka kafu tun daga nan, kuma ban ga sun kau ba har yau: littafi abin aro ne, kuma kunne ya fi ido cin moriyarsa.

Boko ya iso Kano a 1909 da makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nassarawa, amma ya daɗe kafin ya ratsa karkara, kuma da ya ratsa ɗin, da ƙyar aka karɓe shi. Waɗanda suka koya kuma sai suka tarar babu abin karantawa in ban da littafin aji. Wannan giɓi ne ya sa Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai a 1933. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda garinsu maƙwabcin Karaye ne. Mutanen yammacin Kano suna da dalilin bugun ƙirji a nan, ko da yake a gaskiya Idon Matambayi bai taɓa samun farin jinin Ruwan Bagaja ba. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a Janairun 1939.

Masu iya karanta waɗannan a gari irin Karaye ba su da yawa: malamin makaranta, magatakardan hakimi, malamin asibiti, malamin gona. Don haka sabon karatun ya shiga tsohuwar riga. Jarida ɗaya za ta iso, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi a ƙofar fada ko a tashar mota, jama'a su yi sharhi. A shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Bazazzagiya ta Zariya. Mutumin Rogo, saboda zamansa a iyaka, duk ukun labarinsa suke bayarwa. NORLA ba ta yi tsawon rai ba, ta rufe a 1959. Kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji littattafan, amma kasuwarsa makarantu ce. Shekara da shekaru littafin Hausa ya zama abin da ake karantawa don jarrabawa, sai fa 'yan kaɗan da suka tsallake katangar aji da ƙarfin daɗinsu, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Dare Dubu da Ɗaya. Mutanen wancan zamani su ne dattawan yau, kuma ra'ayinsu bai sauya ba: in ba a kai Hausar Imam ba, ba a yi littafi ba.

Abin da ya juya al'amarin ba marubuci ba ne, yawan masu karatu ne. A 1976 gwamnatin tarayya ta kawo shirin ilimin firamare kyauta, UPE, aka gina azuzuwa har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, matan aure suka sami ƙofa. Makarantun Islamiyya su ma suka yawaita. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an sami dubban samari da 'yan mata da Turancinsu bai kai na karanta littafi ba, amma Hausar boko tana gudu a bakinsu. Daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya.

Sai matasa suka ɗauki rubutunsu suka kai wa masu ƙananan injina da kuɗin aljihunsu. An riga an ga alama a 1980, sa'ad da NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ita Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ta ajin manya. Wato daga cikin masu karatun nan ta fito, ta san ciwon da take taɓawa. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya mamaye ko'ina, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta yi suna, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa.

Yadda waɗannan littattafai suka isa karkara shi ne ainihin labarin. Dillalai suna Sabon Gari da Bata da Jakara a birnin Kano. Ɗan kasuwa ya je sari ya haɗo da su cikin kayansa, ya baje a ranar kasuwa kusa da mai turare da mai kaset. An raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a kan takarda mai arha, don kuɗin kowane kashi ya yi daidai da aljihun talaka, kuma a katse shi daidai inda rai ya tsaya. Duk da haka yawancin masu karatu ba saye suke ba. Haya ake bayarwa: a shagon mai kaset, ko a cikin gida wurin wata matar aure da ta tara littattafai a akwati tana juya su kamar yadda wata take sayar da ƙuli-ƙuli. Yarinya ce 'yar aike, ta kai na ɗaya ta karɓo na biyu. Littafi ya bi gida goma, bangonsa ya yage, a ɗinke shi da zare, shafin ƙarshe ya ɓata, a aika a tambayi wadda ta riga karantawa yadda aka ƙare. Wadda ta yi firamare ita ke karanta wa sauran matan gida bayan an gama aikin rana, har da uwar miji, wadda za ta ce ba ruwanta da shirme amma ba za ta tashi daga wurin ba.

Me suke so a ciki? Masu suka sun ce soyayya ce kawai, kuma lallai akwai ta, da motoci da gidajen sama da matar ƙauye ba ta taɓa shiga ba. Amma wanda ya karanta da idon basira zai ga abin da ke riƙe mata ya wuce nan: auren dole, zaman kishi, mijin da ya yi kuɗi ya juya baya, sakin wulaƙanci, 'yar da aka hana karatu. Waɗannan su ne maganganun da Baba ta yi wa Mary Smith shekara arba'in kafin nan, sai dai yanzu da Hausa aka buga su, kuma masu abin ne ke karantawa. Samari kuwa suna cewa littafin soyayya na mata ne, su na yaƙi da aljanu da matsafa suke nema, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, ko da yake masu ba da haya sun san wanda ke aiko ƙanwarsa ta karɓo masa na soyayyar a ɓoye.

Wani abu kuma sabo ya faru: mai karatu ya sami baki. Marubutan suna sa adireshinsu a bangon littafi, daga baya lambar waya. Wasiƙu suka riƙa zuwa, wasu na yabo, wasu na neman shawara kan aurensu, wasu na faɗa saboda an wahalar da tauraruwar da suke so. Marubucin da ke buga littafi kashi-kashi da kuɗinsa ba zai iya toshe kunne ba, domin kashi na gaba sai na baya ya sayu. Abubakar Imam bai taɓa fuskantar irin wannan matsi ba.

Malaman jami'a sun yi ta kai ruwa rana. Ibrahim Malumfashi ya kira abin adabin kasuwar Kano, yana ganin yayi ne da zai wuce. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa littattafan, Ibrahim Sheme ya buɗe musu fili a jarida aka yi shekaru ana gwabzawa. Iyaye da malaman addini suna nasu ƙorafin: littattafan suna koya wa 'ya'ya mata bijire wa zaɓin iyaye, ana ba da misali da Sumayya ta In Da So Da Ƙauna da ta faɗa rijiya. A makarantun kwana na 'yan mata littafin Hausa ya zama kayan laifi, a kama a ƙwace. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafai a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista su kawo rubutunsu a duba. A ganina masu sukar suna da gaskiya kan abu ɗaya: an yi sakaci da ƙa'idar rubutu, an buga shara da yawa. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa in an hana yarinya wannan za ta koma ga littafi mai nauyi. Da yawa daga cikin matan karkara da karatunsu bai zube ba bayan aure, littattafan nan ne suka riƙe musu shi, ba wata makaranta ba.

Ba ƙonawa ce ta durƙusar da kasuwar ba. Fim ya fara janye marubuta da masu karatu tun shekarun 1990, gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafai a iska, sannan wayar hannu, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ta zo ta gama aikin sa'ad da ta koma mai intanet. Yau marubuciya ba ta buƙatar injin ɗab'i ko dillalin Sabon Gari. Tana rubuta shafi a waya ta saki a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, masu karatu su yi sharhi nan take, su matsa mata ta ci gaba, wani lokaci har su sa ta sauya ƙarshen labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da marubutan da ba su taɓa buga littafin takarda ba. A garuruwan da wutar lantarki da kuɗin data suke wahala, shagon cajin waya ya gaji mai ba da haya: a ba shi kati ya tura littattafan da aka karanta da murya, mace ta kunna tana surfe ko tana kitso, duk tsakar gida yana ji. Abin da ya rage a takarda a kasuwannin Karaye da Rogo yawanci littattafan addini ne da na makaranta, su kam ana saye, domin ana son a ajiye.

Marubutan waya suna sakin farkon labari kyauta, in ya ɗauki zafi su ce sai an biya kafin a shiga zauren da ake ci gaba. Nan rigimar yanzu take. Mace ɗaya ta biya, ta tura wa ƙanwarta, ƙanwar ta tura wa ƙawaye, kafin kwana biyu shafin ya zagaye ƙasa. Shi ya sa za ka ga marubuciya ta rubuta a saman kowane shafi cewa duk wadda ta fitar mata da littafi ba ta yafe ba. Masu turawar kuwa ba su ɗauki kansu ɓarayi ba. A wurinsu aro suka bayar, yadda suka ga iyayensu suna yi, kuma marubuciyar ita ce ke biyan kuɗin data.