Dodannin Pokémon da Tsohuwar Gardamar Caca

A ranar 27 ga Fabrairun 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon a Japan, a kan 'yar na'urar hannu ta Game Boy. Maƙirƙirinsa, Satoshi Tajiri, ya taso yana farautar ƙwari a gefen birnin Tokyo, sai ya mayar da wannan sha'awa wasa: dodanni 151, yaro ya kama, ya horar, ya yi musaya da abokinsa. Duk wanda ya ga yaran Ƙaura Namoda ko Zurmi suna bin fara bayan girbi, ko suna tara marafan kwalba ana gasar wa ya fi yawa, ya san tushen abin. Tarawa da musaya tsohuwar ɗabi'ar yara ce, kuma a ganina ba nan matsalar take ba.

Matsalar ta zo ne da katunan wasan. Ana sayar da su a ƙunshi rufaffe, yaro ya ba da kuɗi bai san me ke ciki ba, yana fatan dacewa da katin da ba kasafai ake samu ba. A 1999, shekarar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau aka kuma haramta caca a Zamfara, makarantu da dama a Amurka sun hana shiga da katunan, har wasu iyaye suka maka Nintendo a kotu cewa caca ce ake koya wa 'ya'yansu. A 2001 malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta wasan. Sun ambaci ka'idar Darwin ta rikiɗar halittu da wasu alamomi da ke jikin katunan, amma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce cacar. Sauran sun fi rauni, domin rikiɗar dodon Pokémon ta fi kama da ta tsutsa zuwa malam-buɗe-littafi, kuma kamfanin ya musanta cewa ya sa alamar wani addini.

Za a iya cewa ƙunshin ba ya zuwa fanko, ko yaushe akwai kati a ciki, don haka ciniki ne. To amma mai sayen gero a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis yana ganin abin da ake auna masa kafin ya biya. A nan kuwa abin da yaron ke biya dominsa shi ne sa'a, kuma fikihu ya daɗe da hana cinikin da ba a san abin sayarwa ba, wanda malamai ke kira garari.

Wannan dabara ba ta mutu da yayin katunan ba. Ta koma cikin wasannin waya, inda ake sayen akwatin sa'a da kuɗin gaske, abin da ya sa hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana irinsa a matsayin caca a 2018. Wayar da ke ɗauke da irin waɗannan wasanni kuwa tana hannun yara a garuruwanmu, kuma iyaye ba sa ganin kati ko ƙunshi da za su ƙwace.