Share Ragowar Gwaji a Manhajar Git: Nazarin Yadda Ake Hana Gwaji Ɗaya Gurɓata Na Bayansa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda masu gina manhajar Git ke share abin da gwaji ya bari kafin na bayansa ya fara. Binciken ya gano matakan kariya biyu: killace kowane fayil ɗin gwaji a ɗakinsa, da yi wa aikin shara rajista tun kafin a yi datti. Maƙalar ta nuna cewa a mataki na biyu ne gwaje-gwaje ke samun amincinsu.

Gabatarwa

Linus Torvalds ya fara Git a Afrilun 2005, Junio Hamano kuma ya karɓi ragamarta a Yulin wannan shekara. Aikin Git shi ne adana tarihin sauye-sauye, don haka kusan duk gwajin da aka yi mata sai ya bar sawu: sabon reshe, saitin da aka canza, ko fayil ɗin da aka manta. Tukunyar da ba a wanke ba takan sa wa miyar gobe ɗanɗanon ta jiya. A 2014, Luo da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois sun duba gyare-gyare 201 daga ayyukan Apache 51, suka samu cewa dogaro da jerin gwaji shi ne na uku cikin manyan dalilan da ke sa gwaji ya ci yau ya faɗi gobe.

Dabarun Bincike

An karanta fayilolin test-lib.sh da test-lib-functions.sh da kuma jagorar README da ke cikin foldar t ta Git, aka bi kowane mataki daga buɗe gwaji har zuwa rufe shi.

Sakamakon Bincike

Kowane fayil ɗin gwaji yana samun folda tasa mai suna da ya fara da "trash directory", da sabuwar ma'ajiya a ciki. An bar tazara a tsakiyar sunan da gangan, domin a kama duk umarnin da ba ya jure irin wannan suna. Ana mayar da HOME zuwa wannan folda, a kuma kunna GIT_CONFIG_NOSYSTEM, don kada saitin kwamfutar mai gwaji ya kutsa ciki. Lokaci ma ba a bar shi sakaka ba: test_tick yana farawa daga daƙiƙa 1112911993, yana ƙara 60 a kowane kira. Idan duk gwaje-gwajen fayil sun ci, sai a goge foldar. Idan wani ya faɗi, sai a bar ta domin a bincika.

Sai dai gwaje-gwajen da ke cikin fayil ɗaya ma'ajiya guda suke amfani da ita. Umarnan kowane gwaji an sarƙafe su da alamar &&, ta yadda da zarar ɗaya ya gaza, na bayansa ba za su gudana ba. Ke nan wanda ya ajiye umarnin shara a layin ƙarshe ya rasa shi daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kuskure ɗaya sai ya kayar da gwaje-gwajen da ba su da laifi, mai gyara ya rasa inda matsalar ta faro.

Maganin wannan shi ne test_when_finished, wanda Jonathan Nieder ya shigar a 2010. Mai rubutu yana bayyana sharar tun farko, tsarin kuma yana gudanar da ita ko gwajin ya ci ko ya faɗi, na ƙarshen rajista shi ne na farkon gudana. A kansa aka gina test_config, mai cire saiti da kansa. Sai dai test_when_finished yana da iyaka: ba ya aiki a cikin ƙaramin harsashin umarni da aka buɗe da baka biyu, kuma tsarin kan dakatar da gwajin idan ya gano an yi hakan.

Kammalawa

Killacewa tana kare fayil daga fayil, amma tsaftar cikin fayil tana wuyan mai rubuta gwaji. Shawarar wannan maƙala ita ce masu bitar gyare-gyare su riƙa tambayar kowane sabon gwaji: idan ya faɗi a tsakiya, wa zai share? Ya kamata kuma a riƙa gudanar da gwaji shi kaɗai da zaɓin --run, domin a fito da duk dogaron da ya ɓoye.