Malamin da Ya Auna Hanyar Haske a Kan Madubi

Kowa ya san madubi. Amarya tana da shi, wanzami yana da shi, direban mota ma da shi yake ganin abin da ke bayansa. Yara kuwa sukan tare rana da shi, su haska wa juna ido. Amma an daɗe kafin mutane su gane yadda madubi yake mai da haske.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai wani malami Bagirke a birnin Iskandariya na ƙasar Misira, sunansa Uklidis. Shi da malaman da suka biyo bayansa sun ce ido ne yake fitar da haske, ya je ya taɓa abu, sannan mutum ya gani. Mutane da yawa sun riƙe wannan magana fiye da shekara dubu, don manya ne suka faɗa.

Sai aka haifi Hasan Ibnul Haisam a birnin Basara na ƙasar Iraƙi, wajen shekara ta 965. Masu tarihi sun ce sarkin Misira, Alhakim, ya kira shi don ya tsare ambaliyar kogin Nilu. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, sai ya yi haukan ƙarya don tsoron sarki. Aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021. An ce a cikin shekarun nan ne ya rubuta babban littafinsa na ilimin gani, Kitabul Manazir, mai kashi 7.

Ibnul Haisam ya lura in mutum ya dubi rana, idonsa yakan yi zafi. Ashe haske ne yake shiga ido daga waje. Bai tsaya ga tunani ba. Ya ƙera abin awo mai ƙananan kafofi, ya sa madubai na ƙarfe iri iri, har da shimfiɗaɗɗe. Ya bar haske ya shigo ta kafa ɗaya, ya duba inda ya faɗi bayan ya bugi madubi. Ya canza kafa, ya sāke dubawa, sau da yawa.

Ga abin da ya tabbatar. Haske yana tafiya a miƙe. In ya sauka kan madubi a karkace, zai tashi ta ɗaya gefen da karkata daidai da wadda ya zo da ita, ba daɗi ba ragi. In ya sauka tsaye cak, ta hanyarsa zai koma. Malaman Girka sun faɗi wannan ƙa'ida tun da, amma shi ya bi ta da awo mai kyau har ta tabbata.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Daga baya aka juya littafinsa cikin Latinanci, aka buga shi a birnin Bazal na ƙasar Suwis a 1572, malaman Turai suka ƙaru da shi ƙwarai.

Ku ma kuna iya gwadawa. Ku rufe ɗaki, ku bar rana ta shigo ta ƴar kafa. Ku aje madubi a ƙasa inda ta sauka, ku watsa ɗan toka a iska. Za ku ga hanyar zuwan haske da ta tashinsa. Gani ya kori ji.