Madugu Ba Ya Fara Zare Takobi

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na shiga tasi a Briqueterie zan je Etoudi ɗaukar wata hira. Ba mu yi nisa ba wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya gogi gefen motar. Direbanmu ya fito da zagi, yaron ya rama, sai direba ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya zaro adda. Wani tsoho mai tsire ne ya shiga tsakani, ya ce: "Ɗana, fentin nan nawa ne? Ran yaron nan kuma nawa?" Direba ya yi tsaye, hannunsa na rawa. Aka daidaita a kan jaka biyu, kowa ya kama gabansa.

Tsohon nan ya tuna mini yadda kakanninmu suka iso wannan gari. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yaounde a ƙarshen shekarun 1880, fatake Hausawa kuma suka biyo ta Ngaoundere da Tibati da Yoko suna neman hauren giwa. Ayarin fatake ba ya tafiya hannu sake: akwai kwari da baka, akwai mashi da takobi. Amma masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, ya nuna cewa babban aikin madugu shi ne shirya wa ayari hanya: ya kai wa sarakuna gaisuwa, ya yi cinikin kuɗin fito, ya raba rigima. Makami na 'yan fashi ne. Wanda ya zub da jini a garin mutane kan ƙaramar magana, ya toshe wa kansa da 'yan'uwansa hanyar baɗi.

Yau hanyar ta canja. Tun da kamfanin bas na SOTUC ya durƙushe a 1995, tasi da babura suka cika titunanmu, kowa na gaggawar haɗa kuɗin da zai kai wa mai abin hawa da yamma, kuma babu madugu a tsakani.

Direbobi da dama sun faɗa mini a shirina cewa don kare kai suke ajiye adda. Ban ƙaryata tsoronsu ba, masu aikin dare sun san abin da suke gani. Sai dai sashe na 84 na dokar laifuka ta Kamaru ya yarda da kare kai ne idan an kawo maka hari ba bisa ƙa'ida ba, kuma martaninka ya yi daidai da harin. Zagi ba hari ba ne, gogar fenti ma haka.

Don haka, ɗan'uwa direba, in rai ya ɓaci, zauna a kujerarka, rufe ƙofa, rubuta lambar abin hawan, bar manya su yi magana. Kakanninmu sun ratsa daji da makami a kafaɗa, amma da baki suka iso.